Yadda ake gina ɓoyayyiyar katanga irin ta gidan Chirk a gonar Jos

A 1295 aka fara gina gidan Chirk, kusa da Wrexham a ƙasar Wales, don tsaron iyaka. Iyalan Myddelton suka saye shi a 1595 ya zama gidan zama, sannan daga 1764 William Emes, mai tsara lambuna, ya sake fasalin makiyayar da ta kewaye shi. A bakin lambun gidan akwai katangar da Turawa ke kira ha-ha. A cikin rami take, don haka wanda ke lambu yana hango fili har nesa, dabba kuma ba ta iya shigowa. Mai gona a wajen Vom ko Bukuru, inda dutse yake a wadace, zai iya yin irinta.

Da rani ake aikin. A ja igiya a iyakar lambu, a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi. Ɓangaren gida a sare shi a miƙe. Ɓangaren makiyaya kuwa a kwantar da shi ya zama gangare mai tsawon kamar mita uku, yadda saniya za ta sauka ta juya ta hau ba tare da ta karye ba.

A jikin miƙaƙƙen ɓangaren ake ɗora dutse, bisa harsashin kankare. Katangar ta ɗan jingina wajen gida, kanta kuma ya zo daidai da ƙasar lambu. In ya ɗara ko da taki ɗaya, an ɓata dabarar.

Ruwa ne ke kayar da ita, ba shanu ba. Ruwan Yuli da Agusta a Jos yana jiƙa ƙasar bayan katanga har ta yi nauyi ta turo duwatsun waje. Saboda haka a zuba tsakuwa a bayanta, a saka guntun bututu kowane mita biyu kusa da gindi, ƙasan ramin kuma a ba shi ɗan gangare zuwa magudana. Magina kan so toshe kowace kafa da siminti don aiki ya yi kyau. Kada a yarda. Ramin da ya riƙe ruwa gidan sauro ne.

A dasa kiri-kiri a gangaren tun ruwan farko, kafin zaizaya ta cinye shi. Awaki kuwa sukan taka duwatsu su haura, don haka mai su ya shafe fuskar katangar ta yi sumul, amma ya bar bakin bututun a buɗe. In da ƙananan yara a gidan, a dasa gajeren shinge a bakinta.