Yadda Ake Gano Ma'anar Kalma Cikin Karatu

Ɗalibin da ke karatu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru, ko mai duba tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo, dole ya yi karo da baƙuwar kalma. Ga matakan bi.

1. Kada ka tsaya. Ja layi da fensir, ka ƙarasa sakin layin.

2. Dubi maƙwabtanta. "Ya cika mangala da yashi ya ɗora wa jaki." Ana cika ta, jaki ke ɗauka: jakar kaya ce ta jaki.

3. Feɗe kalmar. Nan ne riba take. Ɗafin ma-, wato guntun da ake liƙa wa farkon kalma, yakan nuna mai aiki, wuri ko kayan aiki, sai wasalin ƙarshe da karin sauti (hawa da saukar murya) su raba gardama: marini mutum ne, marina wuri, mabuɗi kayan aiki. Cire ɗafin, aikatau, wato kalmar aiki, zai bayyana. Amma ba kowace ma- ce ɗafi ba. Madara ba wurin dara ba ce.

4. Sa hasashenka a gurbin kalmar. In jimlar ta yi tuntuɓe, sake.

5. Kula: boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa fari na iya zama launi ko rashin ruwan sama. Jimla ce alƙali.

6. Sai ka haɗu da ita sau biyu ko uku kafin ka buɗe ƙamus, irin na Bargery na 1934. Rubuta ta tare da jimlarta, kalma biyar a zama ɗaya sun isa.