Yadda ake ƙarfafa 'yan ikilisiya su ba da baiko da daɗin rai

Duk wanda ya taɓa zama a taron dattawa a ƙarshen wata ya san shirun da kan sauka idan ma'aji ya buɗe littafi. Albashin fasto bai cika ba, man janareta ya cinye baikon Lahadi biyu, ɗakin makarantar Lahadi na yoyo, gundumar ikilisiyoyi kuma na jiran kasonta. Sai wani ya ce, "Baba Fasto, a yi mana wa'azin zakka mana." A yi wa'azin, baiko ya ɗan taso mako biyu, ya koma gidan jiya.

Na riƙe littafin ma'aji shekaru, kuma ban yarda mutanenmu marowata ne ba. Mutumin da zai sayar da akuya don bikin ɗiyar maƙwabci, ba rowa ke riƙe hannunsa ranar Lahadi ba. Bai san inda kuɗin ke shiga ba ne. Shi ya sa nake fara gyara daga ɗakin ƙirga.

Mataki na farko ke nan: a gyara yadda ake ƙirga kuɗi. A 2 Sarakuna 12, firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, idan kuɗi suka taru magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga. Bulus ma, a 2 Korintiyawa 8, ya haɗa Titus da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa don kada wani ya sami abin zargi a kan gudummawar Urushalima. Ku zaɓi mutum uku da ba 'yan gida ɗaya ba, ɗaya daga Zumuntar Mata, su ƙirga da an tashi sujada, kowa ya sa hannu, a kai banki ranar Litinin. Asusun ya zama da sunan ikilisiya, kada kuɗi su fita sai da hannun mutum biyu. Fasto kuwa a raba shi da jakar baiko gaba ɗaya, don mutuncinsa.

Ni kaina na taɓa yin kuskure a nan. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, farantin baiko ya riƙa dawowa kusan wayam, sai na ba jama'a lambar asusuna su riƙa turowa. Ba a yi wata biyu ba zakkar mutane ta gauraye da kuɗin makarantar 'ya'yana. Sai da na kwana uku ina bin saƙonnin banki da biro kafin lissafi ya daidaita, ko kwabo bai ɓace ba, amma maganar ta daɗe tana yawo a bakin mutane.

Daga nan sai kasafin kuɗi. A rubuta abin da aikin shekara zai ci, a karanta da Hausa a gaban kowa, a manna a bango: albashin fasto da na mai gadi, lita nawa janareta ke sha duk Lahadi, taimakon gwauraye da marasa lafiya, tallafin mai bishara, kason gunduma. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ke ci a aljihunsa, amma kaɗan ne suka taɓa tunanin amsa-kuwwar da suke jin waƙa da ita ma mai take sha. Gani ya kori ji.

Sai an yi waɗannan biyun koyarwa ke samun gindin zama. Kada a bari sai asusu ya bushe, domin wa'azin baiko a ranar da ake bin bashi kamar roƙo yake fita. A ware masa Lahadi biyu ko uku a shekara, a shigar da shi ajin masu shirin baftisma. Jigon shi ne riƙon amana: gona, albashi, lafiya da lokaci duk ajiyar Allah ce a hannunmu. 1 Korintiyawa 16:2 ta ba da tsari mai sauƙi, kowa ya keɓe wani abu ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, 2 Korintiyawa 9:7 kuma ta hana tilas. Maganar haƙƙin fasto, wadda ke 1 Korintiyawa 9:14, dattijo ya kamata ya ɗauka. Kunya ba za ta bar mutum ya tsaya a bagade yana neman albashinsa ba.

Abu ɗaya da nake roƙo a rage shi ne kiran sunaye da adadi, "wane ya ba da dubu hamsin, a tafa masa!" Gwauruwar da ke riƙe da naira ɗari a gefen zane sai ta mayar da ita ta ɗaure. Anini biyu na wata gwauruwa ne Yesu ya yaba a Markus 12.

Mataki na huɗu, ku bi lokacin samun mutanenku. Ma'aikaci ƙarshen wata yake da shi, 'yar kasuwa ranar kasuwa, manomi sai kaka. Yawancin ikilisiyoyin ECWA, COCIN, EYN da HEKAN na karkara manoma ne, baikonsu na gaske buhun masara ne, dawa, doya, kaza. Abin da kan ba ni takaici shi ne a yi gwanjonsu duka ranar godiyar kaka, lokacin da hatsi ya fi arha. A sayar da doya da kaji da duk abin da ba ya ajiyuwa. Hatsi kuwa a ƙirga buhunan a gaban jama'a, a sa a ɗaki mai kwaɗo biyu, mabuɗi a hannun mutum biyu, a sayar da shi da damina idan farashi ya tashi, a bar wani don gidan fasto da mabukata. Wanda ba shi da komai a hannu yana da fartanya: gayya a gonar ikilisiya ma baiko ce, a rubuta ta a littafi kamar kuɗi.

Na ƙarshe, a dawo da rahoto duk wata uku, abin da ya shigo, abin da ya fita, da rasit a kan tebur don mai son dubawa. Idan an tara kuɗin kwanon rufi, a sayi kwanon, kada ya koma kujeru ba tare da an tambayi jama'a ba. Mai bisharar da kuke tallafa wa, ku gayyato shi sau ɗaya a shekara ya tsaya ya faɗi da bakinsa mutum nawa ke zuwa sujada a ƙauyen, da abin da babur ɗin da kuka saya masa ya yi. Kuɗin motarsa na zuwa da komawa ku sa shi a kasafi tun watan Janairu.