Kurakuran da ake yi idan kamfani ya ɓata lissafin inshorar lafiya a takardar W-2

Duk mai aikin albashi a Amurka, zuwa ranar 31 ga Janairu kamfaninsa zai ba shi takardar W-2, wadda ke nuna abin da ya samu a shekarar da ta wuce da harajin da aka cire masa. Da ita ake cike takardun hukumar haraji ta IRS, waɗanda wa'adinsu ke cika 15 ga Afrilu. 'Yan uwanmu da ba su daɗe da zuwa ba sukan karɓe ta kamar hukuncin alƙali, ba a ja da ita. Alhali kuwa mutum ne a ofishin albashi ya shigar da alƙaluman, kuma wajen inshorar lafiya ana yawan samun tuntuɓe.

Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne gurbi na 12, inda ake rubuta DD tare da kuɗi masu yawa, wani lokaci dubban daloli. Mutum ya gani sai ya ɗauka haraji za a ɗora masa a kai, ko ya ce ƙarya ne, ba a cire masa haka daga albashi ba. To, wannan adadi jimillar kuɗin inshorar ce, da abin da kai ka biya da abin da kamfani ya biya maka. Dokar inshorar lafiya ta 2010 ce ta kawo shi don ma'aikaci ya san tsadar abin da yake amfana da shi, kuma ba a biyan haraji a kansa. Ko da an yi kuskure a nan, harajinka ba zai motsa ba. Ka sanar da ofishin albashi su gyara, amma kada ka jinkirta tura takardunka saboda shi. Idan kuma gurbin babu komai, ba lallai laifi ba ne: kamfanin da ya fitar da W-2 ƙasa da 250 a shekarar baya ba a tilasta masa rubutawa ba.

Inda kuɗi yake da gaske, can ne mutane ba sa dubawa, kuma wannan ya fi damuna. A yawancin kamfanoni, kasonka na inshora ana cire shi ne kafin a lissafa haraji. Saboda haka albashin da ke gurbi na 1 ya kamata ya gaza cikakken albashinka da gwargwadon wannan kason. Idan ofishin albashi ya manta bai rage ba, za ka biya haraji a kan kuɗin da doka ta yafe maka, kuma ba wanda zai kira ka ya faɗa maka. Hanyar ganowa ita ce ka ɗauko takardar albashinka ta ƙarshe a watan Disamba, wadda ke ɗauke da jimillar shekara, ka ajiye ta kusa da W-2. Ka ɗauki cikakken albashi, ka debe kuɗin inshora da abin da ka zuba a asusun fansho na 401(k) kafin haraji, ka ga ko ya yi daidai da gurbi na 1. Ka duba gurbi na 3 da na 5 ma, inda ake rubuta albashin da ake cire wa harajin Social Security da na Medicare, domin kuɗin inshorar yana rage su, ko da yake na fansho ba ya rage su.

Haka nan harafin W a gurbi na 12, wanda ke nuna abin da aka zuba ta hannun kamfani a asusun ajiyar kuɗin magani na HSA. Shi wannan yana shiga fom 8889, na lissafin HSA a takardun haraji, kai tsaye. A 2025 iyakar zubi dala 4,300 ce ga mutum ɗaya, 8,550 ga iyali. Idan an rubuta fiye da abin da ya shiga asusun, za a ga kamar ka zarce iyaka, kuma rarar tana jawo tarar kashi 6 cikin ɗari. Ka gwada adadin da bayanan bankin da ke riƙe da asusun.

Wasu idan sun gano kuskure sai su soke adadin da biro, ko su shigar da abin da suke ganin daidai ne a manhajar haraji. Kada ka yi haka. Kamfani ya riga ya aika wa gwamnati kwafinsa, kuma idan naka ya saɓa da nasu, wasiƙar IRS za ta biyo ka. Abin da za ka nema shi ne takardar gyara mai suna W-2c. Ka nema a rubuce, ta imel, ka haɗa da takardun albashi, ka ajiye kwafi. Maganar baki a bakin ƙofar ofis ba ta zama shaida.

Idan Fabrairu ta ƙare ba su gyara ba, ka kira IRS a 800-829-1040. Za su tuntuɓi kamfanin, kai kuma za ka iya amfani da fom 4852 a madadin W-2, ka cike shi da alƙaluman takardun albashinka. Wanda ya riga ya tura takardunsa kafin gyara ya iso sai ya bi da fom 1040-X na gyara takardun da aka riga aka tura, kuma galibi yana da shekara 3 ya nemi a mayar masa da rarar da ya biya. Fom 4868 yana ƙara wa'adin turawa zuwa 15 ga Oktoba, amma ba ya ƙara wa'adin biya, nan ma da yawa suke faɗawa tara.

Sai takardar 1095-C, wadda ke nuna inshorar da kamfani ya yi maka tayi wata-wata, kuma kamfanoni masu ma'aikatan cikakken lokaci 50 zuwa sama ne ke shirya ta. Ba a haɗa ta da takardun haraji, shi ya sa ake watsar da ita. Tun 2019 gwamnatin tarayya ba ta cin tarar rashin inshora, amma Kalifoniya, Massachusetts, New Jersey, Rhode Island da birnin Washington suna ci. Idan kana zaune a ɗaya daga cikinsu aka nuna wasu watanni ba ka da inshora alhali kana da ita, sai ka sa a gyara. Idan kuma ka sayi inshora a kasuwar inshorar lafiya ta gwamnati da tallafi, amma kamfani ya rubuta cewa ya yi maka tayin inshora mai sauƙi, tallafin zai iya shiga matsala har a ce ka mayar. Wanda lissafin ya sha masa kai ya nemi shirin VITA, inda masu sa kai da aka horar ke taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta, ya tafi da W-2 da takardun albashinsa na shekarar duka.