Yadda zaka gane kuɗin kwastam da asalin kaya kafin ka ɗinko tufafi a waje

Yanzu abin ya zama yayi, musamman wajen matasan 'yan kasuwar mu na Gombe da Bauchi, mutum ya sayi yadi a Guangzhou ya bayar a ɗinka masa jallabiya ko abaya ko yunifom ɗin makaranta a can, ko ya kai yadin can Kwatano ko Akra a ɗinka sannan ya shigo da shi. Ba laifi bane. Matsalar ita ce yawanci sai kaya sun iso tashar ruwa ake fara tambayar nawa ne kuɗin fito, alhali tun kafin a sa almakashi a yadin ya kamata ka gama wannan lissafin.

Abu na farko, ka san lambar kayanka. Kwastam basa aiki da sunan da muke kiran kaya a kasuwa, lamba suke bi, ita ake kira HS code. Tufafin da aka yi da yadi mai miƙewa irin singileti, tishat, safa da rigar sanyi suna babi na 61. Wanda aka ɗinka da yadin saƙa na gama-gari kamar kaftani, wando, abaya suna babi na 62. Yadin auduga da ba a ɗinka ba yana babi na 52. Najeriya tana bin jadawalin haraji na bai ɗaya na ECOWAS tun 2015, matakansa biyar ne, 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma ɗinkakkun tufafi a matakin 20 suke zama. Gwanjo daban ne, lambarsa 6309, kuma haramtacce ne a dokar kwastam duk da kaga ya cika kasuwa, don haka kada wani ya baka shawarar ka haɗa sabbin kayanka da dila biyu na gwanjo a kwantena ɗaya wai don rage kuɗin jirgi, zaka iya rasa duka.

Na biyu shine gane asalin kayan, kuma anan ne mutane suka fi ruɗewa. Inda ka biya kuɗi ba shi bane asali, haka inda jirgi ya taso. Abayar da ka saya a Dubai in a Chaina aka yanka aka ɗinka, toh 'yar Chaina ce ko da an liƙa mata lebul da larabci. Asali shine ƙasar da aka yi aikin da ya mayar da abin wani abu daban, yadi ya koma riga. Guga, ninkewa, sa leda, maƙala lebul, duk waɗannan basa canza asalin kaya.

Sai ka tambayi kanka, shin asalin ma zai rage min wani abu? In daga Chaina ne ko Turkiyya ko Indiya ko Dubai, amsar a'a ce, harajin ɗaya ne, abin da ake so kawai ka faɗi gaskiya a takarda. Inda asali yake zama kuɗi a aljihu shine in an ɗinka kayan a wata ƙasar ECOWAS, saboda tsarin da ake kira ETLS wanda ya yafe kuɗin fito ga kayan da aka ƙera a cikin yankin. Hanya uku kaya suke bi su cancanta, ko dai gaba ɗaya ɗan yankin ne tun daga audugar, ko aikin da aka yi ya canza masa lamba a jadawali, ko kuma darajar da aka ƙara a cikin yankin ta kai kashi 30 na farashinsa a bakin masana'anta. Kaga kenan yadin auduga na Chaina da aka yanka aka ɗinka a Gana ya tashi daga babi na 52 ya koma 62, a ƙa'ida yana da hanyar shiga. Amma fa a ƙa'ida nace. Sai kamfanin da ya ɗinka ya yi rajista, hukumar ƙasarsa ta amince da shi da kuma wannan kayan takamaimai, sannan ya baka takardar shaidar asali ta ECOWAS da zata biyo kayan. Telan bakin titi a Kwatano mai keke biyar ba shi da wannan, komai kyan ɗinkinsa. Wani abun kuma da ba kowa ya sani ba, kayan da aka yi a yankin masana'antu da aka keɓe ba haraji, irin wanda ake cewa free zone, ba a lissafa su a matsayin 'yan asalin yankin. Saboda haka kafin ka tura ko sisi, kace su turo maka lambar amincewarsu ta ETLS ka nuna wa ejan ɗinka, wato wanda yake fitar maka da kaya daga kwastam, ya duba.

Masu hulɗa da Nijar ku lura, ita da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, lokacin ECOWAS tace a ci gaba da karɓar kayansu a ƙarƙashin tsarin har sai an sake sanarwa, abu ne na wucin gadi, kar ka ɗora jarinka duka a kai. Yarjejeniyar kasuwancin Afirka ta AfCFTA ma da ake ta zuzutawa, dokokin asali na yadi da tufafi suna cikin waɗanda suka fi jan lokaci a teburin tattaunawa.

Na uku, takardu. Rajistar CAC da lambar haraji ta TIN, sai kaje bankinka ka buɗe Form M, wato takardar neman izinin shigo da kaya, tun kafin a loda kaya, ba bayan sun taso ba. Wanda ya ɗinka maka zai turo inbois, wato takardar farashin kayan, da jerin abin da ke cikin kowane kwali, takardar jirgi da shaidar asali, banki ya tura, kwastam su fitar da PAAR wadda a cikinta suke faɗin lambar da suka yarda da ita da darajar kayan. Can baya CBN ta sa yadi cikin kayan da aka hana wa dala daga banki, an ɗage wannan a Oktoban 2023.

Dan Allah a inbois ɗin nan a rubuta komai dalla-dalla, kaftanin maza guda kaza, auduga zalla ko haɗin roba. In kai ka sayi yadin da kanka ka basu ɗinki kawai, kuɗin yadin ma yana cikin darajar kayan, ba ladan ɗinki kaɗai ake caji a kai ba. Da yawa anan suke faɗawa rami, su rubuta kuɗin ɗinki kawai, kwastam su ga farashin ya yi ƙasa da hankali su ɗaga shi da kansu.

Na huɗu shine lissafin kansa, bari mu yi misali da tsarin da aka saba kafin 2025. A ce kayan sun tsaya maka naira miliyan 9, kuɗin jirgi da inshora miliyan 1, jimla miliyan 10. Kuɗin fito kashi 20, miliyan 2 kenan. Akwai ƙarin kashi 7 na shi kuɗin fiton, 140,000. Harajin ECOWAS rabin kashi ɗaya, 50,000. Kuɗin duba kaya kashi 1 na miliyan 9, wato 90,000. Sai a tara duka har da kuɗin kayan a ɗora VAT kashi 7.5, ya bada 921,000. In ka haɗa zaka ga 3,201,000, kusan kashi 32 kenan ba 20 ɗin da aka gaya maka ba. Kuma ba mu sa kuɗin tasha, na kamfanin jirgi, ladan ejan, da motar da zata ɗauko daga Apapa ko Onne zuwa Gombe ba. Canjin dala ma kwastam nasu suke amfani da shi, ba na ɗan canjin da ka saba da shi ba. Ƙananan cajin nan suna motsi, ko a 2025 an yi ta rigima akan wani kashi 4 da aka kawo aka dakatar, shiyasa kace ejan ya buga maka lissafin ranar a rubuce.

In kayanka basu kai kwantena ba, masu kago ta filin jirgin Kano ko Legas suna caji da kilo su ce har da kiliya, wato fitar da kayan daga kwastam. Yana da sauƙi wallahi, amma takardun da sunansu suke fita ba naka ba, don haka ka nemi kwafin shaidar biyan kwastam ka riƙe. Jami'an sintiri na shiyyar D a Bauchi hedikwatarsu take, suna tare mota a hanya su nemi takarda, kuma direba ba zai iya kare kayan da bai san tarihinsu ba. Ka bashi kwafi ɗaya a hannu, ka ɗauki hoton wani a wayarka, ainihin takardar kuma ka ajiye a shago ko da bayan ka sayar da kayan, domin kwastam suna da ikon dawowa binciken takardu bayan kaya sun fita daga tasha.