Kurakuran da ake yi wajen sauya wa babban babur matacin iska, da yadda ake gyara su

A tsakiyar hunturun da ya wuce wani saurayi ya kawo mini Yamaha DragStar 650 gareji, nan Birnin Kebbi. Ya cire akwatin iskar da babur ɗin ya zo da shi, ya ɗaura wani buɗaɗɗen mataci mai ƙyalli da aka aiko masa daga Legas, kuma tun daga ranar babur ya ƙi daɗi. In ya saki totur sai salansa ta yi ta tas-tas kamar ana toya gugguru, in ya murɗa sai injin ya yi jim kafin ya amsa, ga zafi na dukan cinyarsa tun bai kai Kalgo ba. Dattijon da na koyi aiki a hannunsa yana zaune a benci, ko taɓa babur ɗin bai yi ba, ya ce: "Ɗana, wanga mashin yunwa shika ji. Ka buɗe mishi baki, ba ka ƙara mishi tuwo ba."

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, don haka da shi zan fara. Injin fetur yana ƙona mai daidai ne idan nauyin iska ya kai kusan kashi 14.7 a kan kashi ɗaya na mai. Kamfanin da ya ƙera babur ya auna ramukan kafireta ne da la'akari da iskar da akwatinsa ke bari ta wuce. Da ka cire akwatin ka sa wanda ya fi shi sakin iska, sai mai ya yi ƙaranci a cikin haɗin, wuta ta ƙara zafi a cikin silinda. Da yawa daga cikin waɗannan babura masu silinda biyu a jere gaba da baya iska ce ke sanyaya su, kuma silindar baya a ɓoye take bayan 'yar'uwarta, ita ta fi shan zafi. Ka haɗa wannan da ranar watan Afrilu a Kebbi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za ka gane dalilin da ya sa bawul ke ƙonewa, wani lokacin har kan fistin ya narke.

Gyaran shi ne a sake saita kafireta, amma a nan ma ana yin gyaran gangar Auzinawa. Na sha ganin an zura allura ko waya a cikin jet, wato ɗan ƙarfe mai rami da fetur ke bi a cikin kafireta, wai a buɗa shi. Ramin jet abu ne da aka auna da ƙyar ido ke bambance girmansa, in ka kwakule shi da hannu ba ka san nawa ka ƙara ba, kuma babu komawa. Sayi jet mai lamba. Ka lura kuma lambar Mikuni da ta Keihin ba ma'auninsu ɗaya ba, don haka ka duba sunan da ke jikin kafiretarka kafin ka aika a sayo. Wasu baburan ma jet ɗin silindar gaba da na baya ba lambarsu ɗaya ba tun daga kamfani, sai ka rubuta abin da ka tarar a kowace kafin ka taɓa komai.

Kafireta wuri uku take ba da mai. Ƙaramin jet da kusar saiti su ke riƙe silo (lokacin da injin ke aiki ba a murɗa totur ba) da farkon murɗa totur, allurar kafireta ke riƙe tsakiya, babban jet kuma sai an buɗe totur sosai yake aiki. Mutum ya ji tas-tas wajen sakin totur sai ya je ya ƙara babban jet, alhali ciwon yana can wajen ƙarami. Ka fara gano a inda babur ke shaƙewa, ka sauya abu ɗaya, ka hau ka gwada, sannan ka taɓa na biyu. Filogi zai ba ka labari: ka yi tafiya mai ɗan nisa a gudu ɗaya, ka kashe injin ba tare da ka bar shi a silo ba, ka kwance ka duba. Fari fat alamar yunwa ce, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, abin da ake nema shi ne ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara. Ni nakan bar haɗin ya ɗan karkata ta wajen mai, saboda iskar sanyin safiyar Janairu ta fi ta bazara nauyi, babur ɗin da aka saita a kan gaɓa cikin zafi zai koma jin yunwa in hunturu ya kama.

Akwai kuma kafireta mai roba a ka, wadda zuƙar iska ce ke ɗaga allurarta ba wayar totur kai tsaye ba. Irin ta ce a yawancin Shadow, Virago da DragStar da ke shigo mana ta Kwatano. Wannan tana son iska mai natsuwa wadda akwati ke tara mata. In ka maƙala mata ɗan ƙaramin mataci a baki, iskar gefe kaɗai, ko ta tirelar da ta gifta ka a hanyar Jega zuwa Koko, tana iya sa babur ya yi tuntuɓe. In har za ka sauya, nemi wanda aka yi wa samfurin babur ɗinka da shekararsa, kada ka yarda da wanda aka ce yana shiga kowane.

Masu babur na injekta, wanda kwamfuta ke auna masa mai a maimakon kafireta, su kuma nasu kuskuren shi ne cewa kwamfuta za ta gyara da kanta. Gaskiya ne Harley-Davidson duk sun koma injekta tun 2007, haka Kawasaki Vulcan 900 da injekta ya fito, kuma da yawansu suna da na'urar da ke sansana hayaƙi a jikin salansa. Amma gyaran da take yi kaɗan ne, kuma a silo da tafiyar lallaɓa take yin sa. Da ka buɗe totur, kwamfuta komawa take ga lissafin da aka rubuta mata a kamfani, wanda bai san ka cire akwati ba. Ana buƙatar a sake mata lissafi ko a haɗa mata na'ura irin Power Commander ta Dynojet, musamman in har da salansa ka sauya. Ka nemo wanda zai yi maka wannan aikin tun kuɗinka na aljihu. Kuma in akwai 'yar na'urar auna zafin iska a jikin tsohon akwatin, a ba ta mazauni a cikin sabon inda iska ke bi. Barin ta tana lilo kusa da kan injin mai zafi yana sa ta ba kwamfuta labarin ƙarya. Cire baƙar wayar batir kafin ka fara zare soket.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato ƙura. Hotunan da samari ke gani a Facebook na baburan Amurka masu buɗaɗɗen maƙogwaro da 'yar raga a baki, waɗancan ba su san hunturunmu ba. Kowace lita ɗaya ta fetur da injin ya ƙona yana zuƙar iska kusan lita 9,000. Ka tuna irin iskar da ke tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe rana, ko wadda kake shaƙa in ka bi bayan motar albasa daga Aliero, ko ka ratsa wurin da ake casar shinkafa a bakin fadama. Duk abin da mataci ya bari ya wuce, cikin silinda zai sauka, ya gauraya da baƙin mai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin ringi da bangon silinda a hankali. Ba ya ƙara, ba ya ba da alama, sai ranar da babur ya fara shuɗin hayaƙi yana shan baƙin mai, kuma kayan injin irin waɗannan ba a kasuwar garin nan ake tsintarsu ba.

Matacin takarda na kamfani ya fi kowa tare ƙura mai laushi, shi ya sa nake gaya wa mai babur ɗin da kullum yana hanyar ƙauye cewa ya bar shi. Na soso mai shan mai shi ma yana riƙe ƙura sosai in ana kula da shi. Na auduga irin na K&N ya fi sakin iska, amma ƙarfinsa duk a man da aka shafa masa yake, in ya bushe ya zama rariya. Jabunsa kuma ya cika gari, araha kuwa ba ta ado. Ɗaga shi ka kalli rana, in ka ga tsirkiyar haske ta ƙananan huji, ajiye shi. Duk wanda ka zaɓa, sa masa rigar nan ta yadi da ake sutura wa mataci daga waje, tana tare ƙasa mai kauri da feshin ruwa.

Wajen wanki ma ana kashe mataci mai kyau. Kada a wanke na auduga da fetur, kada kuma a kai shi wurin mai faci a hura masa iskar injin, zaren ke tarwatsewa. A jiƙa shi da sabulunsa, a ɗauraye da ruwa daga ciki zuwa waje, a bar shi ya bushe da kansa a inuwa, sannan a bi kowane lanƙwasa da mansa na musamman, a jira ya ratsa. Baƙin mai ba ya maye gurbin wannan, gangarowa yake ya taru a ƙasa ya bar sama a bushe. In kuma aka tula mai da yawa sai ya toshe iska, ya bi maƙogwaro ya ɓata na'urori. A hunturu ni duk mako nake dubawa, ba na bin nisan da aka rubuta a kwali.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mataci ko na nawa ne, in akwai kafa a bayansa aikin banza ne, domin ta nan iska marar tacewa za ta bi, ta kawo ƙura da yunwar mai a lokaci ɗaya. Robobin da ke tsakanin kafireta da kan injin zafinmu yana busar da su su tsattsage, a duba su tun da an riga an kwance wurin. A sa sabon gasket, kada a maimaita tsohon ko a cike wurin da gam, gam ɗin da ya matso ta ciki injin zai haɗiye. Alamar kafa ita ce silo ya riƙa hawa da sauka, ko ya daɗe a sama bayan ka saki totur.

Kusoshin da ke cikin mataci, daf da maƙogwaro, a ɗiga musu shuɗin Loctite, wato ruwan da ke hana kusa kwancewa. Waɗannan injuna girgiza gare su, kusa ɗaya in ta kwance ba ta da wurin zuwa sai cikin silinda. Amma kada a danne su da ƙarfin tuwo, alminiyam ne, zarensa ba ya jure wa. Tsumman da ka toshe maƙogwaro da shi lokacin aiki, ka tabbata yana hannunka kafin ka rufe. Ƙarfen da ke tallafe nauyin mataci kuma kada a ce ba shi da amfani, in aka bar roba kaɗai na ɗauke da shi, gargadar hanya za ta yage ta.

Akwai wani tiyo da ke fitowa daga injin ya shiga tsohon akwati, ta nan injin ke fitar da numfashinsa. Wasu in sun rasa inda za su kai shi sai su cusa masa noti, daga nan matsin ya nemi hanya ta gasket da sil, babur ya fara zubar da mai ta ko'ina. Wasu su bar shi a buɗe yana kallon ƙasa yana zuƙar ƙura. A mayar da shi cikin sabon matacin in an yi masa wuri, in babu a sa masa ɗan matacinsa a ɗaure shi sama.

Kafin duk wannan, babur ya kasance lafiyarsa lau. In tafet, wato tazarar bawul, bai daidaita ba, ko kafireta ta cika da dattin man kwalba na bakin hanya, za ka yi ta sauya jet kana bin ciwon da ba na iska ba. Ka hau ka ga ko gwiwarka na samun wuri kuma ƙafarka na kai wa birki ba tangarɗa. Da damina kada ka bar shi a waje mataci a buɗe, kuma ka hana masu wankin mota nuna masa bakin tiyo.

Saurayin nan mai DragStar, mun tarar robar silindar baya ta tsage, tiyon numfashi kuma an ɗaure shi da waya. Muka sauya robobin biyu, muka ba tiyon matacinsa, muka ƙara lambar jet, muka ɗan ɗaga allura da wosha. Ya je Argungu ya dawo, filogi biyun suka fito ƙasa-ƙasa, tas-tas ɗin ta ɗauke. Na ce ya dawo bayan mako ɗaya, na cire matacin na zura farin ƙyalle na shafo cikin maƙogwaro, sai ga jan gari-gari a jiki, kaɗan ne amma akwai. Ya daɗe yana kallon ƙyallen, sannan ya ce: "Maigida, akwatin nan yana gida cikin buhu, ban jefar ba." Washegari ya kawo shi, muka mayar, muka dawo da jet ɗin da na rubuta lambarsu a bangon gareji. Mai ƙyallin yana kan kanta a naɗe cikin leda, ya ce in ruwa ya sauka ƙura ta kwanta zai zo mu sake gwadawa.