Yadda Ake Ɗaukar Hoton Abinci A Gida Da Neman Gyara Mai Amfani

Yawancin masu fara ɗaukar hoton abinci waya suke ɗora wa laifi, alhali hasken ɗakin ne ke ɓata musu aiki. A dafa abinci mai kyau, a ɗauke shi a ƙarƙashin ƙwan fitila, ya fito rawaya, man da ke kansa yana ƙyalli. A tura wa 'yan uwa su ce ya yi kyau, gobe a sake maimaita kuskuren.

Fara da haske. Kashe filashi, sannan ka kashe duk fitilun ɗakin, har da wadda ke can nesa. A nan ne aka fi faɗuwa. Ƙwan fitila mai jan haske yana tsakanin 2700 zuwa 3000 a ma'aunin Kelvin, wanda ake auna kalar haske da shi, hasken rana kuwa wajen 5500. Kamara kala ɗaya take iya daidaitawa a lokaci guda. In ka haɗa su, gefe ɗaya na farantin zai yi rawaya, ɗayan ya yi shuɗi-shuɗi, kuma da wuya wata manhaja ta raba maka su daga baya.

Ja tebur kusa da taga, tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya. Hasken ya shigo ta gefen abincin ko ta bayansa. Kada ka ba taga baya, don jikinka zai tare hasken, abin da ya ragu kuma ya daki abincin ta gaba ya shafe masa kama. Idan rana na dukan teburin kai tsaye, rataya farin yadi marar kauri a tagar. A ɗaya ɓangaren ka tsayar da farin kwali, tazarar kamar santimita 30 daga farantin, ya riƙa mayar da haske cikin inuwa. Ba sai ka sayi komai ba, kwalin da aka manna wa farar takarda ya wadatar. Matso da shi, janye shi, kana kallon yadda inuwar ke sauyawa. Amma kada ka kashe ta gaba ɗaya. Ita ce ke fito da ƙwayar shinkafa ɗaiɗai da ramukan da ke jikin burodi.

Kada ka zuba abinci tukuna. Ajiye farantin da wani abu a kai, ko da dunƙulen tsumma ne, ka gama saita komai a kansa. Abinci ba ya jira: tururi ya wuce cikin ɗan lokaci, ganye ya yi yaushi, miya ta yi fata a sama. Ƙaramin faranti marar sheƙi ya fi, kuma a goge bakinsa bayan an zuba.

Abin da yake a shimfiɗe, ɗauke shi daga sama tsaye. Mai tudu ko hawa-hawa kamar kek, sauko daidai da shi. Abin da ke cikin kwano kuwa, karkata wayar kamar yadda mai ci zai gan shi a zaune. Goge idon kamarar, don maiƙon yatsa na sa hoto ya yi hazo. Kada ka kai wayar dab da abincin, tana kumbura abin da ke kusa da ita, faranti ya karkace. Ja baya ka danna 2x, wato maɓallin da ke jawo hoto kusa ninki biyu. Danna yatsa ka riƙe a kan abincin a fuskar wayar har saitin ya kulle, ka ɗan rage hasken kada farin faranti ya yi haske fiye da kima a hoton. Jingina wayar da wani abu, ka sa ta jira daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka.

Sai neman gyara, wanda shi ma akwai yadda ake yin sa. Duk wanda ka tambaya "ya ka ga hoton nan?" yabo zai ba ka, musamman in yana ƙaunarka ko ya ci abincin. Ka ɗauki hoto biyu ko uku na faranti ɗaya, abu ɗaya tak ya bambanta su, misali ɗaya da kwali ɗaya babu. In ka sauya haske da kusurwa da faranti a lokaci guda, ko an zaɓi ɗaya ba za ka san dalili ba.

Tambayar ta zama mai amsa guda. Ina idonka ya fara sauka? In aka ce kan cokali ko furen da ke jikin labule, to kayan ado sun rinjayi abincin, a rage su. Wannan abincin da zafi ko ya huce? Kalarsa ta yi kama da ta gaskiya? Wanda bai taɓa riƙe kamara ba ma zai iya amsa waɗannan, kuma amsarsa na da amfani. Wanda ya san aikin kuwa, ka haɗa masa da bayani: ina taga take, ƙarfe nawa aka ɗauka, wace waya ce. Ka ja baya ka ɗauki teburin gaba ɗaya da tagar da kwalin ka tura masa, da kallo ɗaya zai gane inda matsalar take. Ka ba shi hoton da ba a taɓa ba haɗe da wanda ka gyara, kuma in ta WhatsApp ne ka tura a matsayin fayil, don in ba haka ba yana matse hoto ya rage masa inganci.

In gyaran ya zo, kada ka tsaya kare kanka. Wanda mutum biyu ko uku suka ambata ba tare da sun ji juna ba, shi za ka ɗauka. Gwada shi shi kaɗai a ɗauka ta gaba, ka mayar wa mutumin ya gani.

Gyara a manhaja kaɗan ake yi. A Snapseed ko Lightroom, daidaita kala har farin faranti ya zama fari, ƙara wa inuwa haske kaɗan, yanke gefen da ba ya aiki. Kada ka ƙara ƙarfin kala da yawa, jan miya ne ke fara lalacewa.