Darasi na Bakwai: Yana a Saman Ruwan Akwatin Kifi

Duk mai kiwon kifin ado a akwatin gilashi zai wayi gari wata rana ya ga wani abu siriri ya kwanta a saman ruwan. Wani lokaci fari-fari ne kamar ƙura, wani lokaci yana sheƙi kamar an ɗiga mai. Wannan abu shi muke kira yanar ruwa. Daga sama ba kullum ake ganinta ba. Ku durƙusa, ku dubi fuskar ruwan daga ƙasa ta cikin gilashi, fitila tana kunne. Ruwa mai tsabta zai yi ƙyalli kamar madubi. Mai yana kuwa zai yi dishi-dishi, kuma za ku ga ƙananan kumfa sun maƙale a ƙarƙashinta sun kasa fashewa.

Me ke kawo ta

Yanar ruwa haɗin abu uku ce: maiƙo, furotin da ƙwayoyin bakteriya. Maiƙo ya fi ruwa rashin nauyi, shi ya sa yake tasowa sama. Furotin da sauran dattin da ya narke su ma suna taruwa a inda ruwa ya haɗu da iska. Bakteriya sai su samu abinci a wurin, su hayayyafa, su saƙa wata shimfiɗa mai yauƙi.

Mafi yawan wannan maiƙo daga abincin kifi yake fitowa. Abinci mai kamar ɓawo da ake barbaɗawa yana sakin mai da zarar ya taɓa ruwa, haka ma daskararren abinci idan an jefa shi da ruwan da ya narke daga jikinsa. Bayan abinci sai kashin kifi, ruɓaɓɓen ganye, da mataccen kifi ko dodon koɗi da ya ɓuya bayan dutse ba a gani ba. Akwai kuma abin da ke shigowa daga waje: man shafawa a hannun mai akwatin, hayaƙin suya idan akwatin yana kusa da kicin, turaren feshi, da ƙurar ɗaki.

Amma duk waɗannan ba sa iya kwanciya sai a ruwan da samansa ba ya motsi. Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan maganin yake. Akwati biyu za su ci abinci iri ɗaya, ɗaya ya yi yana ɗaya bai yi ba, kuma bambancin kawai shi ne inda bakin matata, wato na'urar tace ruwan akwatin, yake fesa ruwa.

Gane irin wadda kuke da ita

Ku ɗauki tsinke mai tsabta ku tsaga yanar. Idan ta buɗe ta sake haɗewa nan take, tana kuma nuna launin bakan gizo, mai ne. Ku nemi inda ya fito: hannu, abinci, ko sabon famfon tura ruwa da ba a ɗauraye ba. Idan ta farfashe gutsi-gutsi, gutsattsarin suka ƙi haɗewa, ta bakteriya ce, kuma ita ce aka fi gani. Idan kore ce, gansakuka ce, alamar haske ya yi yawa. Sai a rage lokacin fitila zuwa awa 6 ko 8 a rana, a kuma kau da akwatin daga hasken rana.

Kada ku rikita yana da sheƙar kumfa. Namijin kifin beta da na gurami suna tara kumfa a lungu ɗaya don ajiye ƙwai. Wannan ba datti ba ne, a bar masa abinsa.

Illarta

Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a ruwa, kuma ta saman ruwa wannan iska take shiga. Ta nan ne kuma iskar kabon da kifi ke fitarwa take fita. Yana mai kauri tana rage wannan shige da fice, kamar an rufe tagar ɗaki. Siririyar yana ba ta kashe kifi a rana ɗaya, kada hankalinku ya tashi. Haɗarin yana zuwa ne idan ta haɗu da zafi ko cunkoso. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 tana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin. A digiri 30 abin da take riƙewa bai wuce 7 da rabi ba, ga shi kuma a zafi kifi ya fi buƙatar iskar.

Lokacin da ya fi tsanani shi ne asuba. Tsirrai suna ba da oksijin da rana, amma da dare su ma shaƙa suke yi. Saboda haka ku duba akwatin kafin a kunna fitila. Idan kifaye sun taru a sama suna buɗe baki da sauri, ko sun yi cincirindo a bakin matata, iska ta yi ƙaranci, kuma aikin na yau ne, ba na gobe ba.

Beta da gurami suna da wata gaɓa da suke haɗiyar iska da ita kai tsaye daga sama, don haka su da 'ya'yansu sun fi kowa buƙatar fuskar ruwa a buɗe.

Kwashe ta yanzu

Ku wanke hannu da ruwa zalla har gwiwar hannu. Idan kun yi amfani da sabulu, ku ɗauraye sosai, domin sabulu guba ne ga kifi. Ku kashe matata da famfon iska, ku jira minti 5 ruwan ya tsaya cak, yanar ta taru wuri ɗaya.

Hanya ta farko ita ce takardar goge hannu mai kauri, fara, marar turare. Ku shimfiɗa ta a kan ruwan, ku ƙirga uku, ku kama gefe biyu ku ɗaga a hankali ku jefar. Yanar za ta biyo ta. Ku sake da sabuwa, sau huɗu ko biyar, har ruwan ya yi ƙyalli. Takardar bayan gida ba ta yi, narkewa take ta bar muku wani sabon aikin. Jarida ma a guje ta saboda tawada.

Hanya ta biyu ta fi kwashewa, kuma mun fi son ta ga babban akwati. Ku samu kofi mai tsabta da bai taɓa ganin sabulu ba. Ku nutsa gindinsa a tsaye har bakinsa ya zo daidai da fuskar ruwa, sannan ku ɗan karkata shi yadda gefe ɗaya zai shiga ƙasa da milimita biyu ko uku. Ruwan sama kaɗai zai kwarara ciki, yana jan yanar. Kafin ya cika ku ɗaga, ku zuba a bokiti. Kuskuren da aka fi yi shi ne nutsa kofin da yawa: sai ya cika da ruwan ƙasa mai kyau, yanar kuma ta tsere gefe. Ku duba bokitin kafin ku zubar, ƙaramin kifi kan faɗa ciki. Abin da kuka kwashe ku mayar da sabon ruwa da aka cire wa kilorin, sannan ku kunna na'urori.

Motsa ruwan da hannu ba kwashewa ba ne. Yanar za ta nutse, bayan awa ɗaya ko biyu ta dawo.

Hana ta dawowa

Idan kwashewa kaɗai kuka yi, cikin kwana ɗaya ko biyu za ku sake ganinta. Sai an gyara abu biyu: motsin ruwa da yawan abinci.

Ku fara da bakin matata, wato inda tataccen ruwa yake komawa akwatin. Ku ɗaga shi ya zo kamar santimita ɗaya ko biyu ƙasa da fuskar ruwa, ku ɗan juya shi sama. Abin da ake nema shi ne ƙananan igiyoyin ruwa masu tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, ba fantsama ba. Idan matatar mai dogon bututu ce mai ramuka, ku juya ramukan su kalli sama kaɗan. Don gwaji, ku saka ɗan guntun abinci a sama ku bi shi da ido. Duk lungun da ya je ya tsaya, nan yanar za ta fara kwanciya.

Wani lokaci matatar ce ta yi rauni. Ya kamata ta juya ruwan akwatin gaba ɗaya sau huɗu zuwa biyar a awa. Ga yadda ake lissafi: tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da 1,000. Akwati mai 60 da 30 da 35 yana ɗaukar lita 63, don haka yana son matata mai tura lita 250 zuwa 300 a awa. An rubuta wannan adadi a jikin kwalinta. Idan ƙarfinta ya ragu, soso ne ya toshe. Ku matse shi a cikin ruwan da kuka ɗebo daga akwatin, ba a ƙarƙashin famfo ba, domin kilorin yana kashe bakteriya masu amfani da ke zaune a soson, waɗanda suke cinye amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi.

Dutsen iska, wato ɗan dutsen da famfon iska ke hura kumfa ta cikinsa, shi ma yana aiki sosai, domin kowane kumfa da ya fashe a sama yana yaga yanar. Ku saka shi a gefen da matata ba ta kaiwa. A kan tiyonsa ku ɗaura ɗan bawul mai hana ruwa komowa, ko ku ajiye famfon a sama da tsayin ruwan. In ba haka ba, ranar da wuta ta ɗauke ruwa zai iya bin tiyo ya gangaro cikin famfon.

Akwai kuma ƙaramar na'urar kwasar yana. Kofi ne mai tsage-tsage da ke shawagi a sama, ƙarƙashinsa ƙaramin famfo da soso. Tana share fuskar ruwa cikin 'yan mintoci, amma tana da nata sharuɗɗa. Sosonta ƙarami ne, sai an wanke shi duk bayan kwana biyu ko uku. Tana haɗiye 'ya'yan kifi da ƙananan jatan lande, don haka a rufe tsagoginta da raga mai laushi. A kashe ta lokacin ba da abinci, in ba haka ba ita za ta cinye. Idan ruwa ya ragu ta fara zuƙar iska tana ƙara, a cika akwatin.

Masu beta su bi a hankali, domin dogayen fikafikansa ba sa jure igiya mai ƙarfi. Matatar soso mai aiki da iska, a rage ta sosai, ta wadatar. Masu tsirrai da suke ƙara iskar kabon su ma kada su tayar da ruwan da yawa da rana, iskar za ta gudu. Su kunna dutsen iska da dare kawai. Tsirrai masu shawagi kuwa suna tare motsi, kada a bar su su rufe fiye da rabin fuskar ruwa.

Yanzu abinci. Ku ba su abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana. Abin da ya rage ku kwashe da raga. Manyan kifaye masu lafiya ba abin da zai same su idan an tsallake rana ɗaya a mako. Daskararren abinci a narkar da shi a kofi, a tace a raga, a zubar da ruwan. Mun sha ganin yana ta ɓace cikin mako guda don an rage abinci da rabi kawai. Kifi kullum nuna yunwa yake yi idan ya ga mutum, wannan kada ya ruɗe ku.

Kowane mako ku canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kuna zuƙe dattin da ke cikin tsakuwa da tiyo. A akwatin lita 63, wannan kusan lita 16 ke nan. Ku cire hita daga soket kafin ruwan ya sauka, domin zai iya fashewa idan ya yi zafi a waje. Sabon ruwan ya zama zafinsa ɗaya da na ciki. Bokiti da kofin wannan aiki su zama nasa shi kaɗai. Murfi yana tare ƙura, amma a bar ɗan sarari iska ta riƙa ratsawa.

Kifin moli da gofi suna tsotsar yana, wasu dodon koɗi ma suna bin ta ta ƙasa suna ci. Taimako ne kaɗan. Ba mu ba da shawarar a sayo kifi don wannan kawai, domin kowane sabon kifi ƙarin kashi ne a ruwan.

Idan ta ƙi tafiya

A sabon akwati yana ba abin mamaki ba ce. Bakteriya masu amfani suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, kuma sabon itacen ado yakan fitar da farin yauƙi a wannan lokaci. Ku riƙa kwashewa kuna haƙuri, kada ku zubar da ruwan duka ku wanke komai, hakan zai mayar da ku farko ne.

A tsohon akwati kuwa, idan mako biyu sun wuce bayan gyaran nan yanar tana nan da kauri, ko ruwan yana wari, ku ƙirga kifayenku, ku ɗaga duwatsu ku duba ko wani ya mutu. Sannan ku gwada ruwan da kayan gwaji. Amoniya da naitirait, wato gubar da amoniya ke rikiɗa ta koma, dole su nuna sifili, naitiret kuma, wanda shi ne abin da naitirait ke komawa daga baya, ya tsaya ƙasa da miligiram 40 a lita. Idan amoniya ko naitirait ya nuna wani abu, ku canja rabin ruwan a ranar, ku dakatar da abinci na kwana biyu, ku sake gwadawa washegari. Idan kuma feshin maganin ƙwari ko sabulu ne ya shiga, ku kwashe saman nan take, ku canja rabin ruwan, ku saka sabon gawayin tacewa a matata, ku cire shi bayan mako uku ko huɗu.